JUDO: YADDA WANI MALAMIN MAKARANTA YA MAYAR DA DABARUN YAƘI DARASIN TARBIYYA A JAPAN

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kallon gasar judo zai ga mutum biyu sanye da riguna masu kauri, ba takalmi a ƙafarsu, sun rusuna wa juna, sa'an nan kowa ya cafki rigar abokin karawarsa yana neman kayar da shi. Mutane da yawa sun ɗauka wannan wasa ne da Japanawa suka gada tun kaka da kakanni. Alhali kuwa an san shekarar da aka kafa shi, wato 1882, an kuma san wanda ya kafa shi, wani malamin makaranta da a lokacin bai cika shekara 22 da haihuwa ba. Sunansa Jigoro Kano. Ya kamata tun nan a lura cewa "Kano" sunan zuriyarsu ne a harshen Japananci, ba shi da wata dangantaka da birnin Kano. Don kauce wa ruɗani za mu riƙa kiransa Jigoro.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin judo da yadda ake yin sa, ta kuma nuna cewa aikin malanta ne ya cece shi daga ɓacewa. Za mu ga cewa gyaran da ya sa wasan ya shiga makaranta, shi ne kuma ya buɗe masa ƙofar gasa, wadda daga baya ta nemi ta danne manufar tarbiyya da aka gina shi a kai.

2.0 JUJUTSU DA ZAMANIN SAMURAI

Daga 1603 zuwa 1868 mulkin Japan yana hannun sarakunan yaƙi na zuriyar Tokugawa, waɗanda ake kira shogun. A ƙarƙashinsu akwai rukunin mayaƙa na gado, wato samurai, waɗanda ke cin albashi daga iyayen gidansu, kuma su ne ke da ikon rataya takuba biyu. Ban da sarrafa takobi da mashi da baka, samurai sukan koyi dabarun faɗa da hannu, domin ranar da makami ya suɓuce, ko kuwa aka so a kama mutum da rai. Waɗannan dabaru ne ake kira jujutsu. Sun ƙunshi kayarwa da shaƙa da murɗe gaɓoɓi da naushi da hauri.

Ba tsari ɗaya ake bi wajen koyar da jujutsu ba. Gidaje ne barkatai, kowanne da malaminsa da asiransa, waɗanda ba a bayyana wa kowa sai almajirin da aka amince da shi. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne gidan Takenouchi, wanda aka kafa a 1532.

A 1853 jiragen ruwan yaƙi na Amurka suka iso gaɓar Japan, suka matsa mata ta buɗe tashoshinta. Girgizar da wannan ya jawo ta kai ga faɗuwar gidan Tokugawa a 1868, mulki ya koma hannun Sarki Meiji. Sabuwar gwamnati ta ɗauki aniyar kamo Turawa ta fannin ilmi da masana'antu da aikin soja. A 1873 aka kafa dokar ɗaukar soja daga kowane rukunin jama'a, a 1876 kuma aka hana samurai yawo da takobi, aka soke albashinsu na gado. Ke nan cikin shekara goma sana'ar da jujutsu ke yi wa hidima ta mutu. Wasu malamansa suka koma ɗorin karaya, wasu kuma suka shiga nuna bajinta a dandali ana biyansu. 'Yan boko na lokacin suka riƙa kallon abin a matsayin kayan dā, aikin 'yan tauri da marasa abin yi.

3.0 JIGORO DA KAFA KODOKAN

An haifi Jigoro a 1860 a garin Mikage, wanda yanzu yake cikin birnin Kobe. Gidansu masu hali ne, kuma ya sami ilmin zamani tun yana yaro, har da Ingilishi. Sai dai ƙaramin jiki gare shi, shi ya sa 'yan makaranta suka riƙa cin zalinsa. Wannan ne ya sa ya shiga neman mai koya masa jujutsu. Ya sha wuya kafin ya samu, don masu sani sun watse. A 1877 ya dace da wani maɗori mai suna Fukuda Hachinosuke, na gidan Tenjin Shinyo, wanda ya shahara wajen danniya da shaƙa. Da Fukuda ya rasu a 1879 sai ya koma wurin Iso Masatomo, bayan rasuwar wannan kuma a 1881 ya tafi wurin Iikubo Tsunetoshi na gidan Kito, inda aka ƙware a kayarwa.

A 1881 ya gama Jami'ar Tokiyo, inda ya karanta ilmin siyasa da tattalin arziki. A 1882 ya fara koyarwa a Gakushuin, makarantar 'ya'yan sarakuna da manya. A wannan shekara ce ya buɗe wurin horonsa a wani ɗaki na haikalin mabiya addinin Buda da ake kira Eishoji, a Tokiyo. Faɗin ɗakin tabarma 12 ne, almajiransa kuwa tara. Ya sa wa wurin suna Kodokan, wato gidan koyon tafarki.

Sauyin suna da ya yi yana da ma'ana. Kalmar ju tana nufin laushi ko sassauci, jutsu kuma dabara. Sai ya cire jutsu ya sa do, wato hanya ko tafarki. Abin da yake nufi shi ne, dabarar kayar da mutum ƙofa ce kawai, inda aka dosa shi ne gyaran jiki da hankali da hali. A wata lacca da ya yi wa Ƙungiyar Ilmi ta Japan a 1889, ya kasa amfanin judo gida uku: motsa jiki, da iya kare kai, da tarbiyyar zuciya. A 1922 ya dunƙule koyarwarsa cikin ƙa'idoji biyu. Ta farko, seiryoku zenyo, ita ce amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa ba tare da ɓarna ba. Ta biyu, jita kyoei, ita ce cin moriyar juna, wato abin da mu za mu kira cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

4.0 YADDA AKE YIN JUDO

4.1 Koyon faɗuwa

Darasin farko da ake koya wa almajiri shi ne yadda zai faɗi, wato ukemi. Ana koya masa ya manna haɓarsa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa bayansa, ya kuma maka hannunsa a tabarma daidai lokacin da jikinsa ya sauka, domin ƙarfin faɗuwar ya watsu. Yakan maimaita wannan ta baya da ta gefe da ta gaba har ya zame masa jiki. Hikimar a fili take: wanda ba ya tsoron kaye shi ke iya kai hari da sakin jiki, kuma abokinsa zai iya kayar da shi sau ɗari a yini ba tare da ya ji ciwo ba.

4.2 Matakan kayarwa

Malaman jujutsu sukan nuna dabara ne almajiri ya kwaikwaya. Jigoro kuwa sai ya nemi dalilin da ke sa dabara ta ci. Ya gano cewa kowace kayarwa tana da matakai uku:

(a) Kuzushi, wato gusar da tsayuwar abokin karawa. Ana jan sa ko tura shi har nauyinsa ya koma kan yatsun ƙafa, ko diddige, ko ƙafa ɗaya. An ƙayyade fuskoki takwas da ake iya yin haka: gaba, baya, dama, hagu, da kusurwoyi huɗu.

(b) Tsukuri, wato shiga, inda mai kayarwa ke ajiye jikinsa a wurin da ya dace.

(c) Kake, wato ƙarasa kayen.

Alal misali, idan ƙato ya turo ka da ƙarfi, ka tsaya ka tare shi, to zai murƙushe ka. Amma idan ka ja da baya daidai da turinsa, kana riƙe da rigarsa, sai ya rinjayo gaba. A wannan ɗan lokaci ƙarfinsa ba shi da madogara. Sai ka juya, ka durƙusa kaɗan har ƙugunka ya yi ƙasa da nasa, ka ɗora shi a baya ka wurgar. Wannan ita ce seoi-nage, kuma a nan ma'anar ju ta fito: sassauci ne ya ci ƙarfi.

4.3 Rabe-raben dabaru

An kasa dabarun judo kashi uku. Na farko dabarun kayarwa, waɗanda ake yi da hannu, ko ƙugu, ko ƙafa kamar taɗiya, ko kuwa mutum ya zubar da kansa ƙasa don ya janyo abokinsa. Na biyu dabarun kamu, wato danniya, da shaƙa, da lanƙwasa gaɓa. Na uku dabarun bugu a wurare masu haɗari. A 1895 Kodokan ta jera dabarun kayarwa aji biyar, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, tamkar manhajar makaranta. Da aka sake duba jerin a 1920 sai ya tsaya a kan 40, takwas a kowane aji. Tun daga 2017 Kodokan ta amince da dabarun kayarwa 68 da na kamu 32.

4.4 Kata da randori

Hanyoyin horo biyu ne manya. Kata jerin motsi ne da aka riga aka tsara, mutum biyu suna yi kowa ya san abin da zai biyo baya. Randori kuwa karawa ce ta gaske, kowa yana neman sa'ar ɗan'uwansa. A nan ne babban aikin Jigoro yake. Ya fitar da naushi da hauri da sauran dabaru masu kisa daga randori, ya adana su cikin kata. Sannu a hankali aka hana murɗe yatsu da wuyan hannu da gwiwa, har ya zamana gwiwar hannu kaɗai aka yarda a lanƙwasa. Wanda aka shaƙe ko aka lanƙwasa wa hannu yakan bubbuga tabarma ko jikin abokinsa, nan take a sake shi.

Wani zai ce ai an zare wa jujutsu haƙora ke nan. Amma abin da ya faru akasin haka ne. Dabarar da ke karya wuya ba a iya gwada ta da cikakken ƙarfi, saboda haka mai ita bai san ko za ta ci ba sai ranar faɗa. Almajirin Kodokan kuwa kullum yana gwada dabarunsa a kan mai turjewa. A tsakiyar shekarun 1880 almajiran Jigoro sun yi fice a karawar da hukumar 'yan sandan Tokiyo ta shirya tsakanin gidajen jujutsu, har aka ɗauki wasunsu su koyar da 'yan sanda. Ban da waɗannan hanyoyi biyu, Jigoro ya sa lacca da tambaya da amsa cikin horon, ko da yake su ne aka fi sakaci da su a bayansa.

4.5 Daraja da ɗamara

A madadin takardar izini ta asiri da gidajen dā ke bayarwa, Jigoro ya aro tsarin matakai daga wasan go, wani wasan allo mai kama da dara. Masu koyo suna matakan kyu, ƙwararru kuma matakan dan, daga na ɗaya zuwa na goma. A 1883 ya ba Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro matakin dan na farko. Daga baya aka bambanta masu dan da baƙar ɗamara. Ɗamaru masu launi iri-iri kuwa a Turai suka yaɗu, musamman ta hannun Kawaishi Mikinosuke, wanda ya sauka Faransa a 1935. Daga judo ne karate da wasu wasannin suka ari wannan tsari.

4.6 Gasa

A ƙa'idar yau ana karawa minti huɗu. Wanda ya kayar da abokinsa a gadon baya da ƙarfi da sauri da iko ya sami ippon, wasa ya ƙare. Haka nan wanda ya danne abokinsa daƙiƙa 20, ko ya sa shi ya miƙa wuya. Kayen da ya kusa cika amma bai kai ippon ba shi ne waza-ari, biyu daga cikinsa kuma daidai suke da ippon. Wanda aka yi wa gargaɗi sau uku an kore shi. Maza da mata kowanne yana da rukunin nauyi bakwai.

5.0 SHIGAR JUDO MAKARANTU

Ba a karɓi judo a makaranta da hannu biyu ba. A 1883 Ma'aikatar Ilmi ta sa aka binciki dacewar jujutsu da wasan takobi ga ɗalibai. Sakamakon da ya fito a 1884 ya ce akwai amfani, amma akwai haɗarin rauni, da tsoron koya wa yara faɗa, da wuyar koyar da aji guda a lokaci ɗaya. Saboda haka aka ƙi sa su a manhaja. Idan muka duba gyare-gyaren da muka ambata a sama, za mu ga tamkar amsa ce ga waɗannan ƙorafe-ƙorafe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi taimakon Jigoro shi ne muƙaminsa. A 1893 aka naɗa shi shugaban Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokiyo, ya riƙe ta fiye da shekara 20, ko da yake ba a jere ba, har zuwa 1920. Kwalejin ce ke yaye malaman makarantun sakandare na ƙasar. Duk ɗalibin da ya koyi judo a can yakan tafi da shi inda aka tura shi aiki. A 1911 aka yarda a koyar da judo a makarantun sakandare ga mai so, a 1931 kuma aka wajabta wa yara maza judo ko wasan takobi. Kodokan ta buɗe sashen mata a 1926.

Sai dai wannan nasara ta zo da nata tabon. A shekarun 1930 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin da soja suka mamaye ta mayar da waɗannan darussa hanyar shirya matasa don fagen fama. Shi ya sa da Japan ta sha kaye a 1945, hukumar mamaya ta Amurka ta hana koyar da su a makarantu. Judo bai koma aji ba sai a 1950, bayan da aka ba da tabbacin cewa wasa ne kurum. Wannan alkawari ya ƙara karkata shi zuwa ga gasa.

6.0 FITAR JUDO DUNIYA

Tun Jigoro yana raye almajiransa suka bazu. Yamashita Yoshitsugu ya koyar da shugaban Amurka Theodore Roosevelt a 1904. Maeda Mitsuyo ya isa Birazil a 1914, daga koyarwarsa ne jujutsun Birazil ya tsiro. Koizumi Gunji ya kafa ƙungiyar Budokwai a Landan a 1918. Shi kansa Jigoro ya zama mutumin Asiya na farko a Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya a 1909, ya kuma jagoranci 'yan wasan Japan biyu zuwa wasannin 1912 a Suwidin. Duk da haka bai matsa a sa judo cikin wasannin ba. A wajen 1936 ya shaida wa Koizumi cewa ba ya ɗokin haka, domin a ganinsa judo ya wuce wasa, kuma kishin ƙasa da ke tattare da gasar yana iya gurɓata shi. Ya rasu a 1938 cikin jirgin ruwa, a hanyarsa ta komawa gida bayan taron Kwamitin a Alƙahira.

An kafa Hukumar Judo ta Duniya a 1951, aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a 1956. A wasannin Olamfik na 1964, a Tokiyon dai, judo ya shiga a karon farko. Japan ta ci lambobin zinariya uku, amma a rukunin da ba a duba nauyi, wanda suka fi ɗauka da daraja, Anton Geesink ɗan ƙasar Holan ya danne Kaminaga Akio. Da 'yan ƙasarsa suka yunƙuro za su hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Japanawa sun rasa lambar, amma sun ga ladabin judo a jikin baƙo. Mata sun fara gasar duniya a 1980, suka fara cin lambobin Olamfik a 1992. A Afirka, Muhammad Ali Rashwan na Masar ya ci lambar azurfa a 1984. A wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, da na Faris a 2024, Faransa ce ta doke Japan a gasar ƙungiya.

7.0 TSAKANIN GASA DA TARBIYYA

Tsoron da Jigoro ya yi ya tabbata a gidansa. Binciken da Uchida Ryo na Jami'ar Nagoya ya yi ya nuna cewa tsakanin 1983 da 2011 ɗalibai fiye da 100 sun rasu a sanadin horon judo a makarantun Japan. Mafi yawansu sababbin shiga ne, kuma bugun kai ne ya fi kashe su. Wato an jefa su randori tun ba su iya faɗuwa ba. Wannan bincike ya ja hankali ƙwarai, domin a 2012 ne aka wajabta darasin wasannin faɗa na gargajiya a ƙananan makarantun sakandare. A 2013 kuma aka ji cewa 'yan wasa mata 15 na ƙungiyar ƙasa sun kai ƙarar mai horar da su saboda duka da zagi, har ya yi murabus. A 2022 Hukumar Judo ta Japan ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, tana mai cewa neman nasara ko ta halin ƙaƙa ya wuce gona da iri.

Yana da kyau a kwatanta da Faransa, inda masu rajistar judo suka ninka na Japan. Tun 1955 doka ta hana kowa koyar da judo don kuɗi sai yana da takardar shaidar hukuma. Baƙar ɗamara tana nuna mutum ya iya kayarwa, amma ba ta nuna ya san jikin yaro ko hanyar koyarwa ba.

8.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala mun ga cewa jujutsu ya kusa mutuwa sa'ad da zamanin samurai ya shuɗe, kuma abubuwa huɗu ne suka raya shi da sunan judo: bayyana dalilin kowace dabara, da ware mai haɗari daga mai amfani, da jera darussa mataki-mataki, da yaye malaman da za su kai shi makarantu. Dukkansu ayyukan malanta ne. Mun kuma ga cewa duk lokacin da aka fifita wata manufa a kan tarbiyya, ko ta soja ce ko ta lambar zinariya, ɗalibi ne ke biyan kuɗin.

Wannan tarihi ya shafi duk mai tunanin shigar da wasannin gargajiya cikin manhaja, kamar yadda akan yi magana a kan kokawa, wadda Jamhuriyar Nijar ta shirya wa gasar ƙasa tun 1975. Shirya gasa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da shirya darasi. Tambayoyin da Ma'aikatar Ilmi ta Japan ta yi a 1884 su ne za a yi wa kowane irin wasa: ina kariya daga rauni, wace tarbiyya yaro zai ɗauka, kuma wane ne aka horar ya koyar da shi? Daga binciken 1884 zuwa izinin 1911 shekara 27 ke nan, kuma yawancin aikin da aka yi a tsakani a kwalejin horon malamai aka yi shi.